Abin da neman lasisin tankin man gas (dizal) ya koya mini

Yawancin masu injin casar shinkafa da na matsar man gyaɗa a Gombe gani suke lasisin ajiyar mai na masu gidan mai ne kawai. Kai da janaretanka kake ɗura wa, ba sayarwa kake yi ba, ina ruwan hukuma da kai? To doka ba ciniki take dubawa ba, yawan abin da ka tara take dubawa. Daga lita 500 zuwa sama sai da lasisi, kuma duro uku ma sun wuce haka, balle tankin da ke shanye tanka guda.

Ni ke kula da sito a wani kamfanin casa, don haka ni aka ɗora wa ɗawainiyar takardun. DPR ɗin da tsofaffin ma'aikata ke ambata har yau, wato tsohuwar hukumar kula da harkar man fetur, babu ita, an rushe ta bayan Buhari ya sa hannu a dokar man fetur a 2021, wannan aikin ya koma hannun NMDPRA, hukumar da ke kula da ajiyar mai da rarraba shi yanzu. Takardar rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, takardar 'yan kwana-kwana, rahoton gwajin yoyo, duk waɗannan zirga-zirga ce kawai da haƙuri. Inda na ƙaru shi ne zanen fili, domin zanen ne ke tilasta maka ka amsa tambayar da ba wanda ke son yi: in tankin nan ya fashe cikin dare, ina man zai nufa?

Amsar ita ce gajeriyar katangar kankare da ake kewaye tanki da ita. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce katangar ta iya riƙe duk abin da ke cikin tankin da ƙarin kashi goma cikin ɗari. Tankin lita 33,000 ke nan yana son kewayen da zai ɗauki lita 36,300, ƙasansa daɓe da siminti, ba tsaga. Da na kai wa maigida lissafin siminti da rodi sai ya ce, "Malam, katanga kuma a cikin katanga?" Na ce, "Ranka ya daɗe, zo mu ga inda ruwan sama ke bi." Muka bi gangaren da ƙafa, daga gindin tankin ya wuce ɗakin janareta, ya bi ta gefen tulin ɓuntun shinkafa, ya faɗa kwatar unguwa. Bai ƙara magana ba ya sa hannu.

Sai dai katangar na da wani ƙaramin famfo a ƙasanta na fitar da ruwan sama, kuma a ganina nan ne duk aikin ke lalacewa. A watan Agusta kewayen kan cika da ruwa, leburori su buɗe famfon, su ga buɗewa da rufewa kullum wahala ce, su bar shi a buɗe har damina ta wuce. Katangar da famfonta ke buɗe ba ta tare komai. Jami'in da ya zo dubawa ranar da aka share wuri aka shafa fenti ba zai ga wannan ba. Kwaɗo na sa masa, makullin yana aljihuna, kuma kafin a saki ruwan sai na duba ko akwai maiƙo a samansa.

Na kuma koyi cewa ba a cika tanki maƙil. Mai yana kumbura da zafi, kuma tankin da ke sama rana ce ke dukansa kai tsaye. Lita 30,000 ta gas, in zafinta ya ƙaru da digiri goma, tana ƙaruwa da kusan lita 250, fiye da duro guda. A Afrilun Gombe, da zafi ke haura digiri 40, tankin da aka cika da asuba yana iya amai ta bututun numfashinsa da azahar. Shi ya sa ake barin fili a sama, ake shafa farin fenti, ake tsoma sandar awo kafin tanka ta fara saukewa, kada a dogara da "ai akwai wuri" na direba. Bututun numfashin ma a riƙa leƙa shi, zanzaro na son gini a ciki.

Mutane kan ce gas ba ya kamawa kamar fetur, kuma da gaskiyarsu. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai ƙasa da sifili da digiri 40, tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya kwanta a kwata da ramuka. Gas sai ya wuce digiri 50. Amma kalanzir a wajen digiri 38 yake kamawa, kuma gas ɗin da aka gauraya da kalanzir ko fetur ya bar sahun gas. Wanda ke sayen mai mai araha a hannun wanda bai sani ba, bai san abin da ya zuba a tankinsa ba, lasisin da ke rataye a ofis kuwa na gas ne.

Da hunturu, iska ta bushe, gudun mai a cikin tiyo yana tara lantarki, tartsatsi ɗaya ya isa. Don haka sai an maƙala wa tanka wayar da aka binne a ƙasa, don lantarkin ya bi ta ya sauka, kafin a buɗe komai. Direbobi kan yi tsaki, su ce suna sauri. Ba na saurare.

Abin da na fi tsoro yanzu shi ne tankin da babu mai a ciki, don tururi ne cike da shi. Duk mai waldar da ya zo toshe yoyo ya ce a bar shi ya ɗan ɗiga wuta a gama, sallamarsa nake yi. Sai an kwashe, an wanke, an bar iska ta ratsa, an auna tururin da na'ura. Aikin kan tsaya, maigida kan ɓata rai, mu koma sayen gas a duro har a gama.