Daga Maraɗi Zuwa Damagaram: Yadda Ake Zama a Kan Babur Ɗin Tsere

Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai tafiyar kilomita kusan 240 a kan hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Birnin Ƙonni kafin ta iso gare mu. Ɗaurin auren ɗan kawunmu ne ya tashe mu ni da ƙanena cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama. Ƙanen nawa bai daɗe da sayen babur ɗin tsere Yamaha R3 na hannu ba, mai silinda biyu da inji 321cc, bayan shekarun da ya yi yana zagaya gari a kan Haojue. Ni kuwa Kawasaki Ninja 400 nake hawa. Na ce masa ya shiga gaba in bi shi, domin mahayi ba ya ganin zaman kansa, sai wanda ke biye da shi.

Tun kafin mu bar gidajen ƙarshe na gari na ga abin da nake zato. Babur irin na 'yan kabu-kabu an ƙera shi ne don a zauna a miƙe, nauyin mutum duk ya sauka a kan kujera. Na tsere kuwa hannayensa suna ƙasa kuma suna can gaba, matakan ƙafa sun ja baya sun ɗan tashi sama, saboda haka dole mahayi ya sunkuya, kuma nauyin ƙirjinsa da kansa dole ya sami abin da zai ɗauke shi. Ƙanena ya ɗora nauyin nan gaba ɗaya a kan wuyan hannu. Gwiwoyin hannunsa sun miƙe sun sandare, kafaɗunsa sun haura har suna taɓa hular kwano, cinyoyinsa a buɗe nesa da tanki, ya kuma ɗora tsakiyar ƙafa a kan mataki, yatsun suna kallon kwalta.

A Cadawa, inda hanyar Mayahi ta rabu, muka tsaya wurin wani mai shayi. Bai kai kilomita 40 da tashi ba, amma yana sauka ya fara yarfa hannu.

"Yaya, yatsuna sun mutu, kuma wuyana kamar an ɗaure shi," in ji shi.

Na sa ya koma kan babur ɗin, na tsaya a gaba na riƙe masa shi a miƙe. Na ce ya ɗora ƙasan yatsun ƙafa a kan mataki maimakon tsakiyar ƙafa, ya matse tanki da cinyoyi, ya bar tazarar dunƙulen hannu tsakanin mararsa da tanki, ya ɗaure ciki da ƙugu, sannan ya saki hannayen babur gaba ɗaya ba tare da ya miƙe ba. Ya saki, jikinsa ya tsaya a sunkuye yana ɗan rawa, amma bai faɗa gaba ba. Daga nan na ce ya mayar da hannu a hankali, gwiwar hannu a lanƙwashe, damtse a sake, wuyan hannu a miƙe daidai da ƙarfen birki. Wani dattijo da ke zaune a kan benci yana kallonmu ya ce ai haka ake zaman doki, cinya ce ke riƙe mahayi, linzami na yi wa doki magana ne kawai. Na ce, "Baba, kun gama bayanin."

Dalilin abin ba jin daɗi kaɗai ba ne. Tayar gaba tana gyara kanta da kanta duk lokacin da ta taka tsakuwa ko faci, tana ɗan karkata ta dawo, kuma hannu mai sanƙarewa yana hana ta wannan gyara, har ma ya mayar mata da kowace jijjiga. Ga kuma hannun dama da ke riƙe da totur: idan nauyin jiki yana kansa, duk ramin da aka faɗa sai mai ya ƙaru ko ya ragu ba da nufin mahayi ba.

Daga Cadawa zuwa Agye hanya ta miƙe tsakanin gonakin gero da aka girbe, itatuwan gawo sun yi kore shar kamar yadda suka saba da rani. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, wato tana dukanmu ta gaba da gefen hagu, kuma ta wannan gefen ne manyan motoci ke wuce mu. Kowace tirela idan ta zo sai ta tare iskar na ɗan lokaci, tana wucewa kuma ta sako ta da ƙarfi. Na ga ƙanena ya fara gane dabarar: yana hango mota sai ya ƙara matse tanki, ya ɗan rage tsawo, ya bar hannu a sake, babur ya girgiza sau ɗaya ya daidaita. Ya kuma gano da kansa cewa idan gudu ya kai kilomita 80 zuwa 90 a awa, iskar da ke bugun ƙirji tana ɗauke wani ɓangare na nauyin.

Sai dai da ya ji daɗin haka, ya kwanta a kan tanki ya ɓuya a bayan gilashi irin yadda ake gani a talabijin. Na yi masa fitila ya tashi. Wannan kwanciya tana da amfani a filin tsere, inda babu abin da zai fito daga gefe, amma a hanyarmu tana rage nisan gani, tana kuma tilasta wa wuya ya ɗaga kai da hular da nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi. Babur mai gudun kilomita 100 a awa yana cin mita kusan 28 a kowace daƙiƙa, ga awaki, ga jakai, ga amalanken shanu da ke hawowa kwalta ba sallama. A irin wannan hanya ni ban yarda da duk zaman da zai hana mutum hango gefen titi ba.

Kafin Gazawa muka sami wani fili da babu kowa, muka tsaya gwada birki, kuma nan ne muka fi daɗewa. Idan aka ja birki nauyin babur da na mahayi yana komawa kan tayar gaba, shi ya sa birkin gaba ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, kusan kashi 70 cikin 100 ko fiye. A daidai wannan lokaci jiki yana son ya zame ya faɗa kan hannu. A gwajin farko haka ta faru da shi: mararsa ta bugi tanki, kansa ya sunkuya, idonsa ya koma kan tayar gaba. Na ce ya matse tanki tun kafin yatsu su taɓa ƙarfen birki, ya fara ja a hankali har gaban babur ya zauna, sannan ya ƙara ƙarfi, kai a ɗage, ido a can inda yake son tsayawa. Muka yi ta maimaitawa har tsayuwar ta fara zuwa masa ba tare da tangaɗi ba. A nan ne na lura wandon shaddar da ya sa yana sulɓi a jikin tanki, duk matsewar da zai yi sai ta zame. Ya shiga bayan wata bishiya ya canza da jins ɗin da ke cikin jakarsa, nan take riƙon ya kama. Akwai robar da ake mannawa a gefen tanki saboda wannan matsala, kuma na ba shi shawarar ya nema.

A Tasawa, kusan rabin hanya, muka ci abinci, muka sha ruwa, muka miƙe baya da wuya. A kan tabarmar mai abinci ya tambaye ni yaushe zan koya masa sa gwiwa a ƙasa a kan kwana, domin abokansa a Maraɗi abin da suke yabo ke nan.

Na gaya masa inda abin ya samo asali. Cikin shekarun 1970 ne mahaya irin su Jarno Saarinen na Finlan da Kenny Roberts na Amurka, wanda ya ci gasar duniya ta 500cc a 1978, suka yaɗa salon zamewa daga kujera zuwa cikin kwana, kuma yau a MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, babur kan kwanta fiye da digiri 60, har Marc Márquez ya yi suna da goga gwiwar hannu a kwalta. Amma su suna tafiya ne a kan fili mai tsabta, da taya ta musamman da aka ɗumama, kuma babu mota mai zuwa daga gaba. Hikimar da ke cikin salon ita ce idan jiki ya koma cikin kwana, babur yana iya shan kwanar da gudu iri ɗaya ba tare da ya kwanta sosai ba. A titi wannan rarar ajiye ta ake yi saboda yashin da iska ke zubawa a bakin kwalta, ba a kashe ta wajen ƙara gudu. Abin da ya ishe shi shi ne ya gama rage gudu kafin kwana, ya juya kai gaba ɗaya ya kalli mafitarta, ya kai haɓa da kafaɗa wajen madubin ciki, cinyar waje tana manne da tanki, sannan ya ɗan tura hannun ɓangaren da yake son bi. Wannan na ƙarshe ya ba shi mamaki, amma haka babur yake da zarar ya wuce gudun tafiyar cikin layi: ka tura hannun dama gaba, sai ya kwanta dama. Na kuma ja kunnensa a kan rami, domin babur yana bin ido, wanda ya ƙura wa rami ido cikinsa zai faɗa, sai dai a kalli gefen da ke da kyau.

Bayan Takeita, inda hanyar Matamai ta yi kudu, muka sami 'yan kwanoni, na bi shi ina kallo. A kwanar dama kansa yana juyawa da wuri, layinsa yana fita sumul. Muka wuce Tirmini, duwatsun Damagaram suka fara bayyana cikin hazo. A layin gidan kawu yashi ne mai zurfi, nan kuma zaman ya sake: muka mayar da nauyi kan matakan ƙafa, muka ɗan ja jiki baya, muka bar birkin gaba, muka riƙe mai kaɗan ba yankewa har ƙofar gida.

Da ya sauka ya ce cinyoyinsa da ƙugunsa ne ke ciwo, hannu kuwa lafiya lau. Na ce masa wannan ciwon na wuraren da ya kamata su yi aiki ne, kuma zai ragu idan jijiyoyin suka saba. Abin da ya rage masa shi ne kwanar hagu, inda har yanzu yake ɗaga kafaɗar dama yana miƙe hannu, wataƙila don tsoron motocin da ke tahowa ta can. Mun shirya idan mun koma gida za mu fita hanyar Madarunfa da sassafe, kafin motocin kasuwa su taso, mu yi aiki a kan wannan kaɗai.