Uwar adashi a layin awon jini

Shekara shida ina uwar adashi a unguwarmu, mata ashirin da biyu, zubi duk Juma'a. Bara wata ta kwashi nata tun zagayen farko, aka wayi gari ta tashi daga gidan haya, wayarta a kashe. Kuɗin mutane kuwa a wuyana.

Wata biyu ban yi barcin kirki ba. Ƙarfe biyun dare ina zaune da littafin zubi, ina taunar goro, ina maimaita lissafin da na riga na san amsarsa. Ƙeyata ta dinga ciwo, na ɗora wa zafin rana. Ƙanwata ce ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka ɗaura mini abin awo a damtse, ya nuna 168 bisa 102. Bayan mako guda na koma, bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, iyakar da daga ita ake cewa hawan jini.

Likita ya ce, "Hajiya, me ke damunki?" Na ce ba komai, alhamdulillahi. Mu da zurfin ciki! Sai da ƙanwata ta fasa ƙwan. Ya ce idan hankali ya tashi, jiki kan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke. Da abin ya wuce sai jini ya sauka. To, nawa bai wuce ba, ga rashin barci, ga goro, ga dunƙule uku a miya. Ya rubuta mini amlodifin, maganin hawan jini, ya ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ke nan, har da na cikin dunƙulen.

Ranar da na tara matan na faɗa musu gaskiya, suka yarda a raba asarar, ji na yi kamar an sauke mini buhu. Nan na tafka wautata: na ce damuwa ta kawo hawan jinin, ta tafi, sai na ajiye magani. Mako uku ba ciwon kai, ba komai, amma awo ya nuna 155 bisa 96. Likita ya tambayi ko akwai mai shi a gidanmu. Inna da shi ta rasu.

Na koma kan ƙwayata. Goro sai ɓari ɗaya da hantsi, ina taka ƙafa zuwa Islamiyya bayan la'asar. Littafin zubi kuma na miƙa wa maƙwabciyata, har yau tana mita.