Íbis, kulob ɗin da shan kashi ya yi wa suna

A kujerar mai aski na fara jin sunan Íbis. Ƙungiyar unguwarmu ta sha ci huɗu a ranar, ina ta ƙorafi, sai ya tsayar da injin ya ce, "Malam, ka gode wa Allah, akwai waɗanda suka fi ku." Ya miƙo mini wayarsa.

Ƙaramin kulob ne a jihar Pernambuco, arewa maso gabashin Burazil. Ma'aikatan wata masaƙa ne suka kafa shi a 1938, don su riƙa motsa jiki bayan an tashi daga aiki. Rigarsu ja da baƙi, alamarsu baƙin tsuntsu. Daga 1980 zuwa 1984 suka kwashe shekara uku da wata goma sha ɗaya ba su ci wasa ko ɗaya ba. A ƙasar Pelé fa! Nan aka laƙaba musu "kulob mafi rashin iya ƙwallo a duniya", su kuwa suka karɓi sunan hannu bibbiyu, har yau da shi suke tallata kansu.

Wanda ya fi burge ni shi ne gwarzonsu, Mauro Shampoo, mai lamba 10. Kusan shekara goma yana buga musu, ƙwallo ɗaya tak ya ci, kuma da bakinsa yake faɗa yana dariya. Sana'arsa ta ainihi aski, a birnin Recife, shi ya sa mai askina ke ji da shi kamar ɗan uwansa. Gashi tuli a ka, almakashi a hannu, mutane na zuwa shagonsa ɗaukar hoto da shi. Ni da na ci ƙwallo bakwai a gasar unguwa, ko maƙwabcina bai sani ba.

Abin dariyar, in suka yi kuskuren cin wasa, sai magoya bayansu su cika intanet da ƙorafin wasa, wai ana ɓata musu tarihi, a kori koci. A 2021 ma suka haura rukuni na ɗaya na gasar jiharsu bayan shekara ashirin da ɗaya, murna ta haɗu da zolaya.

Da aka gama askin na tambaye shi ko za a samu rigarsu a kasuwa. Ya kakkaɓe mini wuya ya ce in fara biyan kuɗin askin tukuna.