Kwana tara ina neman nano-sakan 370 a agogon Galileo

Abin da ya fara jan hankalina labarin taurarin ɗan adam ne guda biyu na Galileo, tsarin nuna hanya na Turai irin GPS, wato E14 da E18, da aka harba daga Kourou da ke Kudancin Amurka a Agustan 2014, roka ta yi kuskure ta ajiye su a hanya mai siffar ƙwai maimakon da'ira. Kowa ya ce asara, amma ga masana fiziks faɗuwa ce ta zo daidai da zama, don kowannensu na ɗauke da agogon haidirojin mai tsananin daidaito kuma yana hawa yana sauka wajen kilomita 8,500 a zagaye ɗaya na kusan awa 13. Einstein dai ya ce agogo na ƙara sauri in ya yi nesa da jan duniya, yana ja baya in ya matso. Nace bari in gani da idona, shi ne furojet ɗina na ƙarshe.

Na sauke fayilolin agogo na wata guda, data ta ta ƙare sau biyu, na cire karkatar da agogon ke yi a hankali, na zana giraf ina jiran in ga igiya tana hawa tana sauka kamar nano-sakan 370 (nano-sakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Wallahi layi ne kawai a miƙe da ɗan hayaniya. Kwana tara ina canza kod, har na fara zargin kwamfutata, har na fara zargin Einstein ɗin ma a raina.

Ashe masu fitar da fayilolin sun riga sun cire wannan hawa da saukar da lissafin Einstein ya nuna kafin su saka a intanet, yana nan rubuce a takardar bayanin da na tsallake saboda tsawonta. Sai da na ɗauko fayil ɗin matsayin tauraron na lissafo gudunsa na mayar da abin da suka cire, sannan igiyar ta fito tsaf.

Malamina ya kalla ya ce to Malam, abin da ka zuba ne ka kwaso, wannan ba gwaji bane. Gaskiyarsa, ainihin aikin yana cikin ɗan ragowar da ya saura, shi ne masana a Faris da Bremen suka tace daga bayanan shekaru kafin sakamakonsu na 2018 ya wuce na Gravity Probe A, gwajin agogo a roka na 1976, wajen daidaito. Na sake rubuta babi na uku daga farko, giraf ɗin dai na manna shi a bangon ɗakina.