Masu shan maganin damuwa, a yi hattara da haɗin kemis

In damina ta kankama, duk wanda ya dawo daga gona jiki ba daɗi sai ya biya kemis yace a bashi haɗin gajiya, a ƙullo mai ƙwaya kala huɗu biyar a leda, ba kwali ba suna. To ga wanda likita ya ɗora kan maganin ciwon damuwa, daga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau aka rubuto ko daga na Kazaure, wannan ƙullin abin tsoro ne wallahi.

Na farko tiramol. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline aikinsu ƙara wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa, serotonin, shima tiramol yana ƙara shi, in suka haɗu sai abin yai yawa mutum ya kama gumi da karkarwa, zuciya na dukan uku uku, ga zazzaɓi, ya rikice yana sambatu, wani har jijjiga. Mu kuma da anga haka sai ace iska ce a kunna hayaƙi, alhali asibiti ya kamata a nufa a daren nan, ko a bayan mashin ne. Kuma fluoxetine baya barin jiki da wuri, yakan kai sati 5 bayan an daina sha, dan haka batun ai na bari tun shekaranjiya bai taso ba.

Ibuprofen da diclofenac da asfirin su kuma jini suke iya sawa ya zuba a ciki in an haɗa su da fluoxetine ko sertraline, balle mai olsa. Bahaya ya koma baƙi ƙirin, a tafi asibiti. Farasitamol dai ba laifi in an sha bisa ƙa'ida.

Amitriptyline, shima maganin damuwa ne, da ake yawan ba dattawanmu dama can yana sa barci da bushewar baki, a ɗora mai Piriton ko D5 (ƙwayar barci ta diazepam) ko kodin sai kaga Baba yana layi, fitsari ma ya riƙe. Hatta Coartem na maleriya akwai gargaɗin haɗa shi da amitriptyline saboda bugun zuciya, shi yasa in zazzaɓi ya kama a tafi da kwalin maganin a nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ya rubuta, a faɗa mai har jiƙe-jiƙen da ake sha a gida.

Wasu kuma dabara suke, su ajiye na damuwar kwana uku su sha wani. Yankewa farat ɗaya jiri yake kawowa da rashin barci, ciwon ma ya iya dawowa.