Daga Juma'a zuwa Juma'a

Yau Asabar malaminmu na ajin tatsuniyoyi da muke yi ta intanet ya turo aikin ƙarshen mako: kowa ya naɗi labarin Bayajidda daga bakin wani dattijo. Ni da ke Daura, abin nema ya samu. Bayan la'asar na ajiye waya gaban Kaka, tana tsinkar zogale.

Ina ɗokin ta kai ga sare kan maciji a rijiyar Kusugu, sai ta tsaya a kan Ayana, tsohuwar da baƙon ya sauka gidanta ya roƙi ruwa. Ta ce, "Mai gidana, ka san ɗiban ruwa sai ranar Juma'a kuwa? Randa guda, a sha, a tuƙa tuwo, a wanke jinjiri. Ga baƙo da dare, ga dokinsa, ki buɗe baki ki ce babu." Ta saki zogalen, idonta ya ciko, kamar ita ce ta ji kunyar.

A takardun ajinmu layi ɗaya tal aka ba Ayana. Tun ɗazu nake tunanin yadda matan garin nan suka riƙa tattalin ruwan kwana bakwai, da yara a gida.