Saƙon Godiya Bayan Kammala Karatun Mata Ta Waya

Assalamu alaikum. A madadin matan da suka shirya karatun rage damuwa ta wayar hannu a garin Gombe, muna godiya ga Allah da ya nuna mana kammalawarsa lafiya, sannan ga duk wanda ya sa hannu a cikinsa.

Kaso mafi tsoka na godiyar na malaman da suka tsara darussan ne, domin sun fara duba irin wayar da ke hannun mace kafin su rubuta komai. Da suka lura cewa da yawa daga cikin mahalarta na Jekadafari da Bolari da Pantami ba su saba da dogon rubutun boko ba, sai suka mayar da kowane darasi gajeren saƙon murya a WhatsApp, wanda ba ya cin data sosai, kuma mace za ta iya saurarensa tana tankaɗe ko tana jiran tukunya ta tafasa. Mai ƙaramar waya an zuba mata a katin memori, kurame kuwa an yi musu da rubutu da hotuna. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tuna cewa wayar gida ɗaya takan ratsa hannun miji da 'ya'ya, saboda haka ba a taɓa neman wata ta faɗi sirrinta a cikin zauren WhatsApp ba. Mai tambaya takan kira malama ita kaɗai.

Muna godiya ga ma'aikaciyar jinyar da ta koya mana jan numfashi ta hanci da sakinsa a hankali idan zuciya ta ɗauki zafi, ta kuma bayyana cewa rashin barci da yawan ciwon kai da saurin yi wa yara tsawa suna iya zama alamun damuwa, musamman bayan haihuwa. Ta nanata cewa addu'a ba ta hana ganin likita, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ta kare haƙƙin mai neman magani.

Haka nan muna gode wa 'yan'uwan da suka naɗi darussan da Fulatanci da Tangale, da magidantan da suka bar wa iyalansu waya da daddare, da masu cajin waya da suka yi mana rangwame lokacin da wuta ta yi wuya. Wadda ba ta samu shiga ba tana iya karɓar darussan kyauta a wurin jagorar unguwarsu. Allah ya saka wa kowa da alheri.